Sifirin ɗin bindigar farauta: a gyara tsohon ko a sa sabo?

Bindigar farauta, komai tsadarta da kyan ƙirarta, aikinta ya rataya ne a kan waɗansu 'yan ƙananan ƙarafa da ba a ganinsu sai an kwance ta. Sifirin ne ke tunkuɗa allura ta daki cibiyar harsashi, shi ne ke ɗago harsasai daga gidansu ɗaya bayan ɗaya, shi ne ke sa ƙugiya ta damƙi kwanson da aka harba ta jawo shi waje, kuma shi ne ke mayar da kunama mazauninta bayan an sake ta. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya yi sanyi, bindiga ta koma sanda. Mafarauta masu lasisi a arewacin Kamaru suna cin karo da wannan matsala duk shekara idan rani ya kama, ko mutum yana aiki ne a yankunan farautar da ke kewaye da gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njidda, ko kuwa mai bindiga mai baki ɗaya ne da ke neman zabi da fakara a wajajen Lagdo ko Poli. Mutum ya auna, ya ja kunama, sai ya ji ƙas, harsashi bai tashi ba. Idan ya buɗe ya duba, sai ya ga allurar ta ɗan taɓa cibiyar ne kawai, ta bar ɗigo marar zurfi.

A nan ne shawara kan rabu biyu. Waɗansu za su ce a kai wa mai gyara ya taɓa tsohon sifirin ɗin, wato ya ja shi ya ƙara tsawo, ko ya sa masa wasa, wato ɗan zoben ƙarfe, a gindi, ko ya gasa shi a wuta ya sake masa ruwa, ko ya rage masa zagaye biyu idan ana ganin ya yi tauri da yawa. Waɗansu kuma za su ce a cire shi ɗungurungum a nemo sabo irin wanda masana'anta ta yi wa wannan bindiga. Ra'ayina shi ne, a kan sifirin mai murɗi, irin na waya, sauyawa ta fi gyara nesa ba kusa ba, kuma wurin da gyara ke da hujja ƙanƙani ne ƙwarai. Sai dai tun da samun kayan bindiga a Garwa ko Marwa ba kamar samun kayan babur ba ne, ya kamata a bi dalilan ɗaya bayan ɗaya, domin mai bindiga ya san abin da yake saye da abin da yake sayarwa idan ya zaɓi kowace hanya.

Kafin ma a kai ga zaɓi, akwai abin da ake yawan tsallakewa. Sau da yawa sifirin ɗin da ake zargi lafiyarsa ƙalau, datti ne ya shaƙe shi. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, kuma wannan ƙurar ba ta barin kowace kafa. Idan ta shiga cikin sakatar bindiga, wato ƙarfen da ke rufe harsashi a ɗakinsa wanda allura ke cikinsa, ta tarar da mai, sai su haɗu su zama wani baƙin kwaɓi mai danƙo, wanda ke riƙe allura ya rage mata gudu. Abin ya fi muni idan mai bindigar ya saba shafa mata man gyaɗa ko man ja, domin man tsiro yana bushewa ya daskare ya zama kamar ƙaro, ko kuma baƙin man inji da aka juye daga mota, wanda dama cike yake da dattin ƙarfe da toka. Wanda ya kwance sakatar irin wannan bindiga zai ga sifirin ɗin ya fito a lulluɓe, tsakanin zagaye da zagaye a cushe, har sai an sa tsinke kafin a ga hasken ƙarfen. A jiƙa shi a kananzir, a goge da tsohon burushi, a wanke ramin da allura ke bi, a bari ya bushe sarai, sannan a shafa ɗan man bindiga kaɗan wanda bai wuce ya sa ƙarfe ƙyalli ba. Bindigogi da dama daga nan suke warkewa, ba a yanka komai ba, ba a sayi komai ba.

Idan an wanke kuma matsalar ba ta tafi ba, to sai a tabbatar ba harsashin ba ne. Harsashin da ya kwana biyu a ajiye, ya sha raɓar damina, yana iya ƙin tashi ko da allura ta dake shi yadda ya kamata, kuma cibiyar harsashin wani kamfani ta fi ta wani tauri. Saboda haka a gwada da sabon kwali na wani kamfani dabam, a kwatanta zurfin ɗigon. A kuma duba bakin allurar, domin idan ya lauye ko ya guntule, sifirin komai ƙarfinsa ba zai yi amfani ba. A bindigogi masu sakata irin ƙirar Mauser, bakin allura kan leƙo waje da kimanin milimita ɗaya da rabi idan ta sauka. Alamun da ke nuna laifin sifirin ne da gaske su ne ya gajarta idan an jera shi da sabo, ko ya karkace ba ya mirginawa sumul a kan tebur, ko tsatsa ta ci shi ta bar ƙananan ramuka, ko a ga wani zagaye ya matse ya manne da ɗan'uwansa. Sannan duk lokacin da harsashi ya ƙi tashi, doka ɗaya ce: a ci gaba da riƙe bakin bindiga yana kallon inda ba kowa, a jira aƙalla daƙiƙa 30 kafin a buɗe, domin akwai harsashin da kan yi jinkiri sannan ya tashi.

Wanda zai yanke hukunci tsakanin gyara da sauyawa yana bukatar ya san yadda sifirin ke aiki. Tun a 1678 masanin Ingila Robert Hooke ya wallafa ƙa'idar da har yau ake aiki da ita, cewa ƙarfin da sifirin ke turowa yana ƙaruwa ne daidai gwargwadon yadda aka matsa shi, muddin ba a wuce iyakar da ƙarfen zai iya komawa yadda yake ba. Taurin sifirin mai murɗi kuwa abubuwa huɗu ne ke tsara shi: irin ƙarfen, da kaurin wayar, da faɗin murɗin, da yawan zagayen. Kaurin waya ne ya fi kowanne tasiri, domin idan aka rage shi da kashi 10 cikin 100, taurin yana faɗuwa da kusan kashi 34 cikin 100. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa tsatsar da ake rainawa, ko gugar da ake yi wa sifirin da takardar yashi da nufin a tsabtace shi, ke kashe masa ƙarfi fiye da yadda ido ke zato. Yawan zagaye kuma aikinsa a juye yake: idan zagaye ya ragu, tauri ƙaruwa yake yi.

Wannan batu na ƙarshe shi ke rikita masu yanka sifirin, domin sun kasu biyu kuma kowane ɓangare ya riƙi rabin gaskiya. Wani yana yankawa don bindiga ta yi laushin ɗanawa, wani kuma ya ji an ce yanka na ƙara tauri, sai ya yanka don allura ta ƙara ƙarfi. A ɗauki misali da alƙaluma masu sauƙin lissafi. A ce sifirin yana da tsawon milimita 120 idan yana sake, da zagaye 30, kuma kowace milimita ɗaya da aka matsa shi yana turo nauyin giram 200. A cikin sakata, idan an ɗana bindiga, an matse shi ya koma milimita 68, idan allura ta sauka kuma yana milimita 80. Ke nan yana fara tura allura da nauyin kilo 10.4, ya ƙare da kilo 8. To a yanke zagaye uku. Tsawonsa ya koma milimita 108, taurinsa ya hau zuwa kusan giram 222 a kowace milimita, amma gurbin da yake zaune a ciki bai canja ba, saboda haka matsin da yake samu ya ragu. Yanzu yana fara turawa da kilo 8.9, ya ƙare da kilo 6.2. Ƙarfin dukan da ke isa ga cibiyar harsashi ya faɗi da kusan kashi 18 cikin 100, alhali kashi 10 kawai aka yanke daga tsawonsa. Mai neman laushi ya samu laushin, amma ya saya da rashin tabbas. Mai neman ƙarfi kuwa ya samu kishiyar abin da ya je nema. Bayan haka, masana'anta kan rufe bakin sifirin ta goge shi ya kwanta daidai, shi kuwa bakin da filaya ta yanke yana zama a karkace da tsini, ya riƙa tura allura gefe guda yana kartar cikin sakata. Abin da aka yanke kuma ba ya komawa.

Jan sifirin don ya ƙara tsawo shi ne gyaran da ya fi yaɗuwa, domin ba ya cin ko sisi kuma sakamakonsa a take yake bayyana. Mai gyara ya kama bakin nan da bakin can ya ja, sifirin ya miƙe, a mayar da shi, a harba, harsashi ya tashi, kowa ya yi murna. Abin da ya faru a cikin ƙarfen kuwa shi ne an tilasta masa ya wuce iyakarsa, kuma an yi hakan ne ta ɓangaren da ya saɓa wa yadda zai yi aiki. Ƙarfen da aka lanƙwasa ta gefe ɗaya har ya zauna, ya fi saurin sallamawa idan aka danna shi ta ɗaya gefen, saboda haka sifirin da aka ja yana komawa gajartarsa cikin ɗan lokaci, wani lokaci ma ya fi da gajarta. Hannu kuma ba ya ja daidai. Wani wuri ya buɗe sosai, wani wuri bai motsa ba, sai nauyin aikin ya taru a kan 'yan zagaye kaɗan, kuma a nan yake karyewa. Illar wannan gyara ita ce yana aiki a gaban mai gyara, inda ba a bukatarsa, ya ƙi aiki a daji bayan mako biyu ko uku. Iyakar uzurin da zan iya yi masa shi ne mutum yana sansani mai nisa, saura kwana ɗaya ya koma gari, kuma abin da yake bi ba mai haɗari ba ne.

Sa wasa a gindin sifirin ya ɗan fi ja hankali, tun da ba ya taɓa ƙarfen kansa, yana ƙara masa matsi ne kawai. Amma gurbin sifirin a ƙididdige yake, kuma idan wasar ta cinye sararin da ya rage, zagayen za su haɗe su zama dunƙule kafin bindiga ta gama ɗanuwa, sai ko dai ta ƙi ɗanuwa, ko kuma haƙorin da ke riƙe allura ya kama da ƙyar, wanda ya fi ƙin ɗanuwar haɗari. Batun wuta kuwa gajere ne a kan sifirin na waya. Wayar da ake yin yawancinsu, wadda ake kira wayar fiyano, ƙarfinta daga jan da aka yi mata a sanyi a masana'anta ya samo asali, ba daga ruwan da maƙeri ke ba ƙarfe ba. Da zarar ta yi ja a wuta wannan ƙarfin ya tafi ke nan, idan kuma aka tsoma ta a ruwa sai ta zama mai gautsi, ta karye a matsa ta farko ko ta goma. Zafin rana bai kai ya yi wannan ɓarna ba. Ko da Garwa ta haura digiri 40 a watan Afrilu, wayar fiyano tana jure kusan digiri 120 kafin ta fara saki, don haka masu ɗora wa zafin bazara laifin mutuwar sifirin su nemi laifin a wajen tsatsar damina da yawan aiki.

Akwai rukunin sifirin da bai kamata ma a sa su cikin wannan muhawara ba, wato na kunama, da na haƙorin da ke riƙe allura ko guduma, da na makullin tsaro. Mafarauta da yawa suna ƙorafin kunamarsu ta yi nauyi, tana sa hannu ya girgiza lokacin harbi, kuma ƙorafin yana da tushe. Amma wannan ɗan sifirin da ake son a rage shi ne ke danna haƙori ya zauna a mazauninsa duk lokacin da aka rufe sakata. Idan ya yi sanyi, bindiga tana iya tashi da kanta idan aka rufe ta da ƙarfi, ko gindinta ya bugi ƙasa, ko a daidai lokacin da aka cire makullin tsaro. Duk wanda ya san yadda ake tafiya da bindiga a wannan yanki, a rataye a bayan mai babur a kan hanyar Collire mai gargada, ko a bayan a-kori-kura tare da masu bin sawu da masu ɗaukar kaya, ya san wanda zai kwana a ciki idan haka ta faru. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Kunamar bindigar farauta da ke sakin allura a nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ta wadatar, kuma idan tana bukatar gyara, aikin ƙwararren mai gyaran bindiga ne wanda ke da ma'auni, ba aikin filaya da zarto ba. Idan ɗaya daga cikin sifirin ɗin wannan rukuni ya lalace, sabo na asali kawai ake sawa, idan babu kuma a jingine bindigar har a samu.

Fa'idar sauyawa a fili take. Sabon sifirin na asali an yi shi ne da irin waya da kauri da tsawo da yawan zagayen da maƙeran bindigar suka lissafa, an gasa shi a ƙayyadadden zafi don a cire masa gajiyar murɗi, kuma yana mayar da bindiga yadda ta fito, ba tare da an taɓa wani abu a jikinta ba. Idan bai dace ba a cire shi, ba a yi asarar komai ba sai kuɗinsa. Ana yin su da wayar fiyano, ko da ƙarfe mai haɗin kuromiyam da silikon wanda ya fi jure yawan matsi da zafi, ko da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ke da amfani ga mai farauta a bakin kogin Binuwai ko Logon inda laima ta yi yawa. Ga bindigogin da suka yaɗu a duniya ba a rasa su: ƙirar Mauser ta 1898 da 'ya'yanta irin su Brno da CZ na ƙasar Cek, waɗanda masu jagorancin farauta ke riƙewa a bakin .375 H&H, harsashin da ya fito tun 1912, har yau ana ƙera musu sifirin, kuma akwai kamfanoni kamar Wolff na Amurka da ba su da wata sana'a sai wannan. A inda ake sayar da shi, sifirin ɗin allura bai kai kuɗin kwali ɗaya na irin wannan harsashi ba.

Wahalar tana wajen isowarsa hannu, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Shagunan sayar da makamai masu izini sun fi yawa a Duwala da Yawunde, sai kaya ya biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, sannan ya hau mota zuwa Garwa ko Marwa. Ga wanda ke Njamena ko Mundu tafiyar ta fi haka tsawo. Sannan akwai doka. Dokar Kamaru mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016 ta kasa makamai rukuni takwas, bindigogin farauta suna rukuni na biyar, kuma saye da riƙewa sai da izinin hukuma, baya ga lasisin farauta da ma'aikatar gandun daji da namun daji ke bayarwa. Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010, wadda ƙasashen tsakiyar Afirka suka ƙulla a kan ƙananan makamai, ta haɗa har da sassan da ake ƙera su ko gyara su da su. Saboda haka yin odar sassan bindiga ta intanet a turo ta gidan waya ba kamar odar batirin waya ba ne, kuma a yankin da ke fama da matsalar tsaro kamar yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, mai hankali ba ya son a same shi da kayan bindiga marasa takarda. Hanyar da ta fi kwanciyar rai ita ce a bi ta dillali mai lasisi, da takardun bindigar a hannu, a gaya masa sunan kamfani da samfuri da lambar bindiga, a kuma yi odar tun da damina, lokacin da farauta ke rufe, a sayi biyu maimakon ɗaya.

Kuskuren da ke ɓata sunan sauyawa shi ne a sa sabon da ba nasa ba. Kasuwar kayan babur cike take da sifirin masu kama da na bindiga, na birki da na kuloci da na kaburata, kuma yana da sauƙi a samu wanda zai shiga ramin. Shiga rami ba shi ne dacewa ba, tun da bambancin kaurin waya da ido ba ya iya rabewa yana sauya tauri sosai, kamar yadda lissafin baya ya nuna. Haka nan sifirin mai ƙarin ƙarfi da waɗansu kamfanoni ke sayarwa yana da wurinsa, ga mai amfani da harsashi mai taurin cibiya, amma idan ya wuce kima yana sa ɗaga hannun sakata ya yi nauyi, yana cinye haƙori da wuri, kuma idan bakin allura ya riga ya yi kaushi yana iya huda cibiyar, hayaƙi mai zafi ya dawo ta fuskar mai harbi. Wanda ba shi da wani dalili na musamman ya tsaya a kan ƙarfin da masana'anta ta sa.

Inda aikin hannu ke da cikakkiyar hujja shi ne sifirin mai faɗi, wanda ake ƙerawa daga fallen ƙarfe, wani a miƙe, wani a naɗe biyu kamar hantsaki. Irinsa ne a cikin tsofaffin bindigogi baki biyu da yawa da suka shigo tun zamanin Turawa, kuma shi ne a bindigar gargajiya ta toka. Bindigogin birnin Saint-Étienne na Faransa irin su Simplex da Robust, waɗanda suka cika ƙasashen da Faransa ta mulka, tsohuwar masana'antar Manufrance da ta yi su ta durƙushe a shekarun 1980, kuma kayan tsofaffin samfurinsu sai an sha nema. Ga bindigar da aka gada daga kaka, wadda babu wani shago da ke da kayanta, ba maganar oda. Ko an samu sabon sifirin mai faɗi ma, galibi yakan zo da ɗan kauri, sai an goge shi an daidaita shi da bindigar, don haka hannun gwani ba makawa ne. Amma a lura da abin da gwanin ke yi: ba ya farfaɗo da wanda ya tsage, sabo yake ƙerawa. Yana zaɓar ƙarfe mai kyau, ya fitar da siffar yana gwadawa da tsohon, ya sa kaurin ya riƙa raguwa a hankali zuwa baki don nauyi ya rabu, ya goge shi ta tsawo har sai babu sawun zarto ko ɗaya da ya gitta, domin daga irin wannan sawu tsaga ke farawa. Sannan ya gasa shi ya yi ja, wajen digiri 800, ya tsoma a mai, ya sake ɗumama shi a hankali har launinsa ya wuce ruwan ƙasa ya kai shuɗi, kusan digiri 300. Idan ɗumin bai kai ba ya karye, idan ya zarce ya lanƙwashe ya ƙi dawowa. Maƙeran da suka iya wannan suna nan, amma ba kowane mai maƙera ba ne, kuma ana gane su da cewa suna matsa sifirin ɗin sau da yawa a gaban mai shi kafin su sa shi a bindiga, ba sa kuma jin haushi idan na farko ya karye suka sake wani. Walda kuwa ba ta da wuri a nan, domin zafinta yana kashe ƙarfen da ke gefen ɗinkin.

Sifirin ɗin gidan harsasai da na ƙugiya ba su bukatar dogon bayani. Idan harsashi na ƙarshe ya riƙa noƙewa sakata ta wuce ta kansa, ko kwanso ya riƙa maƙalewa bayan harbi, a wanke tukuna, in bai yi ba a sauya. A ƙirar Mauser doguwar ƙugiyar ita kanta sifirin ce, kuma ɗan lanƙwasa ta don ta ƙara damƙa aiki ne da ƙwararru kan yi, amma sau ɗaya, da taka-tsantsan.

Nauyin hukuncin ya danganta da abin da mutum ke fuskanta da bindigar. Mai harbin zabo idan bindiga ta ƙi tashi ya yi asarar miyar dare. Mai jagorancin baƙi a yankunan Faro, wanda ke bin sawun ɓaunar da aka raunata cikin doguwar ciyawa, harbinsa na biyu shi ne tsakaninsa da ƙaho, kuma rayukan masu bin sawu suna wuyansa. Irin wannan mutum ba ya jira sifirin ya nuna gajiya. Yana sauya na allura da na gidan harsasai bayan 'yan shekaru ko da suna aiki, ya ajiye tsofaffin a matsayin na ko-ta-kwana, a naɗe cikin tsumma mai ɗan mai. Ko wace hanya aka bi, bindigar da aka taɓa wa sifirin ba ta zuwa daji sai an gwada ta. A fara da ita babu harsashi, bayan an duba ɗakin harsashi da ido da yatsa: a ɗana, a rufe sakata da ƙarfi sau da yawa, a ɗan buga gindinta a kan tabarma, a sa makullin tsaro a ja kunama sannan a cire makullin, a ga ko allura za ta sauka da kanta. Idan ta sauka ko sau ɗaya, aikin bai yi ba. Idan ta tsaya, sai a je inda doka ta yarda a harba harsasai da dama na irin wanda za a yi farauta da shi, a jera kwansunan a duba ko ɗigon allura ya yi zurfi iri ɗaya a tsakiyar kowace cibiya. Wanda zai kwance sakata da kansa kuma ya kawar da fuskarsa daga saitin allura, domin sifirin ɗin yana matse da nauyin kilo da yawa, kuma idan ya kuɓuce ido yake nema.